Injin daskarar da kitse zai kwashe min tumbin haihuwa kafin biki?

Tambaya: Likita, shekarata 36, ina zaune a Gwarinpa. Haihuwata uku, ta ƙarshen da tiyata aka ciro min, yaron yanzu yana da shekara ɗaya da rabi. Tun daga nan tumbi ya ƙi komawa. Na sha shayin rage ƙiba, na ɗaura ɗamara, duk a banza. Na ga wani wurin gyaran jiki a Wuse II yana tallar inji mai daskarar da kitse, wai babu yanka babu allura, ki shiga ki fito ki koma ofis. Kuɗin da suka faɗa ya kusa albashina na wata biyu. Bikin ƙanwata saura sati shida. Da gaske abin yana aiki, kuma ba shi da illa?

Amsa: Hajiya, sannu da hidimar yara, Allah ya raya su, ya kuma kai mu bikin lafiya. Bari in fara da bikin tunda shi ya fi matsowa. Ko da injin na ƙwarai ne, ko da kuma jikinki irin wanda ya dace da shi ne, sati shida ya yi kaɗan. A makonnin farko wurin kumbura yake yi, ya yi tsami, ki tsunkula ba ki ji. Canjin da ido zai iya gani yakan fara leƙowa bayan sati uku zuwa huɗu, kuma ba ya fitowa sosai sai an yi wata biyu zuwa uku. In don anko ne, telanki zai fi injin nan yi miki amfani. To mun cire biki daga lissafi.

Aiki kam yana yi, ba zan ɓoye miki ba. Ya bambanta da shayin da kika sha, wanda da yawansu filasko ne a ciki, ya sa ki zawo ki ga ciki ya lafa na kwana biyu ki ɗauka kitse ne ya tafi. Injin yana kashe ƙwayoyin kitse da gaske. Abin da masu talla ba sa son a tsaya a kai shi ne yawan abin da yake kashewa, da kuma wane irin kitse hannunsa ke kaiwa gare shi.

Ni a Jos na tashi, kuma duk wanda ya yi hunturu a can ya riga ya ga ilimin da aka gina injin a kai. Da asuba in aka buɗe tukunyar miyar jiya, kitsen ya taru a sama ya yi fari ya daskare, romon da ke ƙasa kuwa yana nan ruwa. Kwalbar manja takan yi barci sai an jingina ta kusa da murhu, amma ban taɓa ganin ruwan randarmu ya zama ƙanƙara ba. Mai yana riga ruwa daskarewa. Fata da tsoka da jijiyoyi yawancinsu ruwa ne, ƙwayar kitse kuwa cike take da mai. Saboda haka akwai wani mizanin sanyi da zai illata kitse ya bar fatar da ke samansa lafiya.

Likitoci sun fara lura da haka ne a jikin yara. A 1970 wasu likitoci biyu a Amurka, Epstein da Oren, suka ba da rahoton wani jariri da kumatunsa ya kumbura ya yi tauri bayan ya tsotsi alawar ƙanƙara. Kitsen kumatun ne ya ji ciwo, fatar ba ta yi komai ba. A 1980 aka ga irin haka a cinyoyin 'yan mata masu hawan doki cikin tsananin sanyi da matsattsen wando. Sai Dieter Manstein da Rox Anderson na babban asibitin Massachusetts da ke Boston suka ce bari a gwada yin abin da gangan. Suka gwada a jikin aladu, suka wallafa sakamakon a 2008. Kamfanin Zeltiq ya ƙera injin da ake kira CoolSculpting, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi izinin aiki a kan kitsen kwiɓi a 2010, ciki a 2012, cinya a 2014, ƙarƙashin haɓa a 2015. A 2017 kamfanin Allergan ya saye Zeltiq a kan sama da dala biliyan 2, abin da zai nuna miki girman kasuwar.

Yadda ake yi kuwa, ki tuna ƙahon wanzami. Ana shimfiɗa wani ƙyalle mai jiƙe da sinadarin da ke hana fata daskarewa, a ɗora bakin injin a kai, ya zuƙo teɓar zuwa cikinsa kamar yadda ƙaho ke zuƙo fata, sai dai wannan ya kai girman tafin hannu biyu kuma babu tsaga. Ƙarfen da ke ciki yana sauka zuwa wajen digiri 10 ko 11 ƙasa da sifili, a bar shi minti 35 zuwa awa ɗaya, gwargwadon irin bakin. Minti biyar zuwa goma na farko akwai zafi da ja, daga nan wurin ya mutu, ki ci gaba da danna wayarki. In aka cire, naman yakan fito a sandare kamar curin man shanu da aka ciro daga firji. Sai a murza shi da hannu kamar minti biyu. Mata da yawa sukan ce murzawar nan ta fi komai ciwo, amma tana ƙara yawan kitsen da ke tafiya, don haka ba a tsallake ta.

A ranar babu abin da ya ragu. Ƙwayoyin da sanyi ya taɓa mutuwar sannu suke yi. Bayan kamar kwana uku wurin ya fara kumburi daga ciki, ya kai ƙololuwa wajen sati biyu, sai wasu ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu kwashe shara ne su zo su dinga cinye matattun suna wucewa da su, har tsawon wata biyu ko uku. An auna kitsen jini da lafiyar hanta na mutanen da aka yi wa, ba a ga sun canza ba. Wannan labari ne mai daɗi, amma akwai dalilinsa, kuma dalilin shi ne abin da ake kwashewa bai da yawa.

Za ki ji ana cewa yana rage kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Gaskiya ne, amma kashi 20 na mene ne? Na kaurin teɓar da ta shiga bakin injin, ita kaɗai. In kaurin teɓar santimita 4 ne, za ta koma 3 da ɗan wani abu. A 2014 su Anderson da abokan aikinsa suka auna da kyamarar da ke lissafa girman jiki, suka ga zama ɗaya a kwiɓi ɗaya yana cire kamar mililita 40 na kitse. Ki ɗauki babban cokalin cin abinci ki ɗebi manja sau uku, kin ma ɗan wuce abin da ake magana a kai. Sikeli ba zai san an yi komai ba. Wadda abin ke yi wa rana ita ce mace wadda nauyinta ya kusa daidai, tana motsa jiki, amma akwai wata 'yar teɓa a kwiɓi ko ƙasan cibiya ko bayan rigar mama da ta yi kunnen ƙashi. Irin wannan takan ga zane ya fi zauna mata, ta ji daɗi, kuɗinta bai tafi a banza ba.

Yanzu mu zo kanki. Kalmar tumbi guda ce a bakinmu, amma in mace ta kwanta a gadon duba marasa lafiya na ɗora hannu, abubuwa daban-daban nake samu a ƙarƙashinta, kuma a jikin mai haihuwa uku sau da yawa biyu ko uku ne suka haɗu.

Akwai kitsen ƙarƙashin fata, mai laushi, wanda in kin tsaya kin saki jiki za ki iya damƙo shi da hannu ki jawo shi gaba. Shi kaɗai ne abincin injin. Abin da hannunki bai iya damƙowa ba, bakin injin ma ba zai zuƙo shi ba.

Akwai kuma kitsen da ke can ciki, bayan tsoka, wanda ya naɗe hanji da hanta. Shi ne tumbin alhazan nan mai tauri kamar ganga, babbar riga ta tsaya a kai kamar an ɗora ta a kan tulu. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa min da irinsa, da kuɗinsa a hannu, yana so a daskarar. Na ce ya damƙo min abin da yake so a cire, ya yi ta lalube bai samu ko cikin yatsu biyu ba. Sanyin injin ba ya ratsa tsoka, kuma gara da ba ya ratsawa, don hanji ne a wurin. Shi wannan kitsen shi ne mai haɗa mutum da ciwon suga da hawan jini, kuma abin mamaki shi ya fi saurin amsa kiran tafiyar ƙafa da rage tuwon dare da lemon kwalba. Ki auna ƙugunki da tef ɗin tela a wajen cibiya. In ya wuce rabin tsayinki, to maganar lafiya ta riga maganar kwalliya. Kada kuma ki ɗauka cire kitsen fata zai taimaka a nan. A 2004 Samuel Klein da abokansa a birnin St. Louis suka zuƙe wa wasu mata masu ƙiba kitsen fata kimanin kilo 10 kowacce ta hanyar tiyata, bayan makonni aka auna, suga da hawan jini da kitsen jininsu suna nan inda suke. In kilo 10 bai motsa su ba, cokali uku ba zai motsa ba.

Wanda na fi zargi a jikinki shi ne na uku, rabuwar tsokar ciki. A gaban ciki akwai tsoka biyu dogaye da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, wata jijiya mai faɗi ta haɗa su a tsakiya. Ciki in ya tsufa yakan buɗe tsakaninsu, kuma ba kowace mace ce ke komawa daidai ba. A Norway an bi mata 300 masu cikin fari, aka wallafa a 2016 cewa kusan ɗaya cikin uku tana da wannan buɗewar shekara guda bayan haihuwa. Masu cikin fari ke nan, ina ga wadda ta yi uku. Alamarta ita ce da safe ciki ya ɗan kwanta, da yamma bayan kin ci abinci ya turo kamar na wata huɗu, har a gidan suna wata ta ce miki Allah ya raba lafiya. Za ki iya dubawa da kanki. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwoyi, ki sa yatsu a kwance saman cibiya kaɗan, sannan ki ɗago kai kamar za ki kalli ƙafafunki. In yatsu fiye da biyu suka nutse cikin rami tsakanin tsokar dama da ta hagu, ko kika ga tsakiyar cikin ya taso kamar kunyar gona, to ga tumbin naki nan. Hanji ne ke turo bango mai rauni. Ki daskarar da duk kitsen da ke samansa, turowar tana nan. Wannan aikin masu fisiyo ne, wato ma'aikatan asibiti masu gyara tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, su koya miki yadda ake ƙarfafa tsokar ciki ta can ƙasa da ta ƙugu, a yi watanni ana yi. In buɗewar ta yi yawa ƙwarai, likitan tiyata ne ke ɗinke ta. Ɗamarar da kike ɗaurawa tana riƙe cikin ne muddin tana jiki, da kin kwance ya dawo, kamar yadda ruwan zafin wankan jego bai taɓa narkar da kitsen kowa ba duk da abin da kakanninmu ke faɗa.

Sai sakakkiyar fata, musamman wadda ke zubowa ta rufe tabon tiyata kamar an ɗaura ɗan zane. In aka rage kitsen da ke cikinta, takan ƙara yin yaushi ne. Sannan akwai abin da ba na so a manta: mata baƙaƙe mun fi kowa samun ƙarin mahaifa, kuma na ga matan da suka shekara suna faɗa da tumbi alhali ƙari ne ke girma. In al'adarki ta ƙaru da yawa ko tana daɗewa, ko kina jin wani tauri a mara, ko fitsari na yawan matsa miki, hoton ciki shi ne farkon abin da za ki kashe wa kuɗi. Haka in cibiyarki ta bulluƙo, ko akwai wani kumburi a bakin tabon tiyatar da ke fitowa in kin yi tari ya koma in kin kwanta. Wannan ƙofa ce a bangon ciki da hanji ke leƙowa, kuma ba a ɗora abin da ke zuƙa da daskarewa a kan hanji.

Game da illa, ƙananan su ne ja, kumburi, taruwar jini a fata, ƙaiƙayi, da mutuwar wurin na sati uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Wasu bayan 'yan kwanaki sukan ji wani zafi mai suka kamar ana caka allura, musamman a ciki, har ya hana barci, amma yana wucewa. Duk waɗannan masu tafiya ne.

Wanda ba ya tafiya da kansa shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PAH. A maimakon kitsen ya ragu, sai ya yi tutsu. Wata biyu zuwa biyar bayan an yi, wurin ya fara girma, ya yi tauri, ya fito da siffar bakin injin sak, kamar an cusa sandar sabulu a ƙarƙashin fata. Ba ya jin rage abinci, ba ya jin motsa jiki, sake ɗora injin kuma na iya ƙara shi. Maganinsa tiyatar zuƙe kitse ce, ko ma yanka, bayan an jira wata shida zuwa tara ya yi laushi. Wato wadda ta gudu daga wuƙa ta faɗa hannun wuƙa. Lokacin da aka fara ba da rahotonsa a 2014 an ƙiyasta sau ɗaya cikin 20,000. Daga baya kamfanin injin da kansa ya koma cewa kamar ɗaya cikin 3,000. Wani asibitin gyaran jiki a Miami da ya ƙirga nasa a 2018 ya samu ɗaya cikin 138. An fi ganinsa a maza, amma mata ba su tsira ba. Shahararriyar mai tallar kayan ƙawa 'yar Kanada, Linda Evangelista, ta fito a watan Satumba na 2021 ta ce abin da ya sa ta ɓuya shekaru ke nan, an yi mata tiyata biyu ba ta gyaru ba. Ta kai kamfanin ƙara tana neman dala miliyan 50, suka sasanta a watan Yuli na 2022. Ita ke nan da ke da kuɗi da lauyoyi. Ki tambayi kanki wa zai biya kuɗin tiyatar in ya same ki a Abuja, sannan ki yi wa masu wurin wannan tambayar, ki ce su rubuta amsar a takarda.

Duk alƙaluman da na kawo miki na injinan da aka gwada ne, a hannun waɗanda aka horar. Abin da ya fi damuna a garin nan daban ne. Bayan CoolSculpting akwai wasu sanannu, kamar Clatuu na Koriya ta Kudu da Cooltech na Sifen. Amma kasuwa cike take da injina marasa suna da ake saya ta intanet a farashi mai sauƙi, a ajiye su a ɗakin da jiya ake gyaran farce. Injin ƙwarai yana da na'urar da ke lura da fata, in ta fara daskarewa ya kashe kansa. Na jabu lambar da ke kan allonsa ba lallai ita ce ke kan ƙarfen ba. Ƙyallen nan mai kare fata kuma sau ɗaya ake amfani da shi, amma mai son riba yakan raba shi biyu ko ya maimaita. Wata baiwar Allah ta zo min da tabo mai kusurwa huɗu a ƙasan cibiya, an yi mata a wani wuri da ba zan ambata ba. Wurin ya yi bororo kamar ƙunar ruwan zafi, ya warke ya bar baƙi a gefe da fari a tsakiya. Mun yi fiye da shekara muna fama, baƙin ya ragu, farin bai koma ba. Ƙwayoyin da ke ba fatarmu launi ba sa jure sanyi, shi ya sa ƙunar ƙanƙara a baƙar fata ta fi barin shaida. In kuma kina cikin masu tabo mai tasowa ya yi tudu, ko kina shafa man ƙara haske wanda ya sirantar da fata, haɗarin ya ƙaru. Saboda wannan dalilin ne kuma nake roƙon mata kada su ɗaura ƙanƙarar firiza a ciki a gida don sun ga ana yi a TikTok. Fata za ta ƙone tun kafin sanyin ya isa kitse.

Don haka in har kin je wurin, kada kyan kujeru da ƙamshin turare su ɗauke miki hankali. Ki ce a nuna miki injin ki karanta sunan kamfanin da ke jikinsa, ki tambayi rajistarsa da NAFDAC. In suka nuna miki wani satifiket a bango mai tambarin FDA, ki sani FDA ba ta raba irin wannan takarda. Ki tambayi sunan likitan da ke kula da wurin, wanda ya kamata a ce yana da lasisin hukumar likitoci ta MDCN, da kuma ko wurin yana da rajista da kwamitin da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu na babban birnin tarayya. A buɗe ƙyallen daga ledarsa a gabanki. Ki tambayi abin da ke faruwa in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Za su ɗauki hoton cikinki kafin da bayan, wannan daidai ne don da shi ake gane canji, amma ki faɗa musu a fili ba ki yarda a sa shi a Instagram ba, ko da an yanke fuska. Babbar alama kuwa ita ce wannan: wurin da bai tambaye ki tarihin lafiyarki ba, bai kwantar da ke ya lalubi cikinki ba, ya fara da nuna miki lambar asusu, ki ɗauki jakarki.

Tarihin lafiyar yana da muhimmanci don akwai waɗanda sanyi ke taɓa jininsu. Wasu in sanyi ya buge su jininsu kan yi gudaji ko ƙwayoyinsa su farfashe, har fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, kuma waɗannan kamfanin da kansa ya hana a yi musu. Haka ana taka-tsantsan da masu borin jini in sun taɓa ruwan sanyi, da waɗanda yatsunsu kan yi fari su yi zafi a sanyi, da masu ciwon sugan da ya kashe musu jijiyoyin ji, don ba za su san fata na ƙonewa ba. Mai ciki ba a yi mata, mai shayarwa ma jira ake har ta yaye, kuma da yaro ɗan shekara ɗaya da rabi wataƙila kina ciki. Ni a nawa ɓangaren ina ƙara amosanin jini. An ƙera injin ne a ƙasashen da cutar ba ta da yawa, mu kuwa Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, kuma duk uwar da ke da ɗa mai sikila ta san abin da sanyi ke tayarwa. Mai SS ko SC ba zan ɗora mata ƙarfe mai digiri 11 ƙasa da sifili na minti 35 saboda kwalliya ba.

Kuɗin kuma ki sake lissafa shi. Yawanci farashin da ake faɗa na ɗora baki ɗaya ne sau ɗaya. Ciki yakan ci baki biyu zuwa huɗu kafin a rufe shi, kwiɓi biyu baki biyu, kuma sau da yawa sai an sake zagaye na biyu bayan wata biyu ko uku. Ki tambaye su jimillar duka, ba farashin farko ba. Wani lokaci jimillar takan tunkari kuɗin tiyatar zuƙe kitse, wadda ke fitar da lita biyu ko uku a zama ɗaya. Na san abin da ke sa matanmu tsoron wannan tiyatar, ba mu manta da rasuwar Stella Obasanjo a Sifen a watan Oktoba na 2005 ba, kuma tsoron yana da tushe. Ba ina tura ki can ba ne. Ƙwayoyin da injin ya kashe ba sa dawowa, wannan gaskiya ne, amma waɗanda suka rage suna iya kumbura su cike gurbin in nauyi ya ƙaru, kuma in kina da niyyar wata haihuwar, ciki na huɗu zai sake shimfiɗa komai yadda ya ga dama.

Da ƙanwata ce ke, ga abin da zan sa ki yi a satin nan. Ki yi gwajin yatsun nan da safe kafin ki karya. Ki auna ƙugu da tsayi ki rubuta. Ki je wurin likitan mata a yi miki hoton ciki, a duba tabon tiyatar da cibiya, a auna suga da hawan jini, duka ba za su ci ko kusa da albashin wata ɗaya ba. In rabuwar tsoka ce, ki nemi a tura ki sashen fisiyo, akwai shi a Babban Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada. Ki haɗa da tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 sau biyar a sati, ko a layinku ne bayan sallar asuba, ko bakin tafkin Jabi ranar Asabar inda za ki samu 'yan uwa mata. Bayan wata shida, in kin yaye, nauyi ya tsaya wuri ɗaya, kuma har yanzu akwai teɓa mai laushi da ke cika hannu, sai a zauna a yi maganar injin. Ranar da za ki je a duba ki, ki tafi da takardar sallamar tiyatarki da sakamakon gwajin sikila, kuma ki kwance ɗamarar tun daren da ya gabaci ranar ki bar ta a gida, don tana matse ainihin wurin da likita ke son ya damƙa.